Shanyar Ranar Lahadi

Tsibirin Lewis, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Edinburgh ba ta ƙarasa cinye miki hankali ba. Tumaki lafiya, gwiwata ce dai sai a hankali.

Na karanta littafinki na goma sha huɗu da kika aiko kafin a kai shi bugu. Sufeto Rennie yana nan yadda yake, ga giya ga rashin aski. Matar nan kuma da kika sa wa suna Donalda, mai ɗingishi, mai dafa shayin coci, ko makaho ya shafa ya san ni ce. Ban damu ba. Kin taɓa tura mai kai mana wasiƙa daga kan dutse a wani littafinki, har yau yana yawo da littafin yana nuna wa baƙi.

Amma shafi na 212, Ishbel! Sufeto ya tambayi Donalda inda take lokacin kisan, ta ce tana shanya. Ranar Lahadi! A tsibirin da ko fito ba a yi ranar! Shekara talatin da ɗaya makullin kicin ɗin coci yana hannuna. Littafin nan na fitowa, dattawan coci za su karɓe su ba matar Macaskill, wadda shayinta kamar ruwan wanke-wanke. Ki gyara.

Yayarki,
Dolina

Edinburgh, 9 ga Maris

Yaya Dolina,

Na gaishe ki, na gai da gwiwa. Haba Yaya, shanyar nan fa ita ta wanke Donalda! Maƙwabci ya hango ta da zanen gado a hannu, shi ya sa Sufeto ya sake ta. In na cire, babu wanda ya rage sai ita, kin ga kin zama mai kisan kai. Ƙarshen wata za a fara bugu. Ki sha shayi ki kwantar da hankali.

Taki,
Ishbel

Tsibirin Lewis, 14 ga Maris

Ishbel,

Gaisuwa, amma kaɗan.

To ki mai da ni mai kisan! Da gatari ma in kin ga dama. Na tambayi Dattijo Angus a fakaice bayan sujada. Ya ce, "Dolina, kisa a littafi kowa ya san ƙarya ce, wa ke da ƙarfin kashe wani a garin nan? Amma shanya, sai a ce ruwa ba ya tsami banza." Matar Macaskill ta riga ta fara tambayata inda nake ajiye manyan butoci. Ban san wa ya tsegunta mata ba.

Ban taɓa roƙon ki komai ba, ko da kika ƙi zuwa bikin ɗiyata. Yau ina roƙo.

Dolina

Edinburgh, 19 ga Maris

Yayata,

Ina gaisuwa da ladabi, don yau ba wasa na zo yi ba.

Angus ya yi gaskiya, ruwan bai yi tsami banza ba. Na gan ki. Shekarar da Mama ta rasu, wata Lahadi da safe, Baba ya tafi coci, ke kika ce cikinki na ciwo. Kika wanke zanen gado, kika shanya a bayan rumbu, kina waige-waige kamar ɓarauniya. Kin san Baba da bel ɗinsa, kin san abin da zai yi wa mai zanen in ya gani. Kika zaɓi fushin Allah a kan nasa.

Na kashe mutum hamsin da biyu a takarda, Yaya, ban taɓa rubuta wani abin kirki da ya faru da gaske ba sai wannan. Ban iya godiya da baki ba, shi ya sa na sa a littafi. Ki bar mini shi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ishbel

Tsibirin Lewis, 24 ga Maris

Ishbel 'yar Mama,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta sa ni kuka har miya ta kama. Na ɗauka kin manta. Na karɓi godiyar, na adana.

Yanzu ki buɗe kunne. In littafin ya fito haka, ba zan musa ba, ni ba maƙaryaciya ba ce. Zan tsaya gaban dattawa in ce e, na yi shanya. Za su tambaye ni dalili. Zan gaya musu zanen na wa ne, da abin da ya jiƙa shi, da cewa mai shi ba ta daina ba sai da ta shekara goma sha ɗaya. Ɗan matar Macaskill kuwa a gidan jarida yake aiki, kuma na ji an ce za a ba ki lambar yabo a watan Mayu.

Allah ya tsare mini ke.

Yayarki,
Dolina

Edinburgh, 26 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi kisan ranar Litinin. Sai da na sake babi shida.

Kuma shekara tara ne, ba sha ɗaya ba.

Taki,
Ishbel