Ƙahonnin Dane a Kan Kamyo

Magariya, 3 ga Disamba 1958

Zuwa ga Adda Kadi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen ruga da shanu duka. Ni ma lafiya lau, sai kewa. Ki gaida Malam Ɗan Azumi mai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da rubutuna, hannu ne da ya saba da baƙin mai.

Saƙonki ya iso. Kin ce yanar idon Baffa ta yi kauri, ba ya rabe saniya da jaki, sai haske mai ƙarfi kaɗai yake gani. Kwana biyu ina jujjuya maganar. Shekara huɗu ke nan da na ajiye sandar kiwo na bi mota, shekara huɗu bai ambaci sunana ba, bai kuma taɓa ganin ko ƙusa ɗaya da na ɗaura ba. Tsorona, Adda, kada idon ya rufe yana ɗauka shiririta na tafi yi.

To ga abin da Allah ya kawo. Alhaji Maiwada, mai kamyon da nake tuƙawa, wato babbar motar kaya, ya dawo daga Kano da manyan fitilu biyu na wata motar soja da ta mutu, da akwatin rediyo. Shi a hancin mota ya so a ɗaura su, kamar na kowa. Na yi ta ba shi baki har ya yarda a kai su saman rufin motar, wai don a hango ramuka daga nesa. Ban faɗa masa dalilina ba. Na buɗe hannuwana na auna, na ba su tazara daidai faɗin ƙahonnin Dane, farar saniyar Baffa mai shiga gaba in za a mashaya. In ya ga haske biyu a haka, zai gane na gida ne ya yi aikin.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Yero

Magariya, 9 ga Disamba 1958

Adda Kadi,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baffa, ga labarin fitilu. Sun kusa sa ni kuka a gaban mutane.

Na huda rufin, na ja waya daga batir zuwa maɓalli, daga maɓalli zuwa sama, na naɗe ta da tsohuwar roba duk inda za ta gogi ƙarfe. Na danna, shiru. Na sake ƙwan fitila, shiru. Wuni biyu ina hawa ina sauka, masu auna gyaɗa suna ta yi mini tsiya wai Bafillace ya yi wa mota ƙaho ya rasa yadda zai tatse ta. Sai ga tsoho Rabe, wanda ya yi shekaru a garejin Nasara a Damagaram. Bai taɓa wayar ba. Wuƙa ya zaro ya kankare sabon koren fentin Alhaji a gindin kowace fitila, Alhaji na tsaye yana salati. Ya ce mini wuta tana fita ta waya, amma ta jikin mota take komawa batir, kuma in ba ta sami hanyar komawa gida ba, ba ta kamawa ko da an shekara ana danna maɓalli. Fenti ne ya tare mata hanya. Na ɗaure a kan farin ƙarfe, na danna, sai ga bangon masallaci fari tas.

Eriyar rediyo kuwa sanda ce ta ƙarfe, siririya, ta fi ni tsawo. Ita akasin fitila ce, ba a barin ta taɓa jikin mota, sai da na sa mata roba a gindi. Da na murɗa rediyo, ya yi ta shuu kamar ruwa a kan bukka, can sai ga sarewa daga Kaduna, irin busar da Baffa ke yi da damina. Adda, ashe duk shekarun da muke kiwo muryoyin nan suna wucewa ta bisa kanmu, sanda ce kawai ba mu da irinta. Na jingina da taya na lumshe ido. Sai nake ganin kamyon yana tafiya a hankali cikin ciyawa, ba ƙara ba hayaƙi, garkenmu na biye da shi, Baffa na zaune gefena yana ƙirga su da ido biyu garau.

Ranar Laraba za mu ɗauko gyaɗa daga Dungas. Da magariba za mu biyo ta ƙasan tudun da ke gabas da rijiyarmu, kafin Dantchiao. Ba zan iya tsayawa ba, mota mai kaya in ta tsaya a yashin nan ta nutse ke nan. Don Allah ki san dabarar da za ki yi ki zaunar da shi bisa tudun, fuskarsa na kallon hanya. Zan ƙure rediyo don ki san mu ne.

Naki,
Yero

Magariya, 11 ga Disamba 1958

Adda,

Ina gaisuwa, amma zuciyata ba daɗi. Kin dai gani da idonki. Muna barin Dungas girgizar hanya ta kwance ƙusar fitilar hagu, ta mutu. Na roƙi Alhaji minti biyar, ya ce rana ta tafi. Haka na wuce ku, Dane da ƙaho ɗaya. Na hango mutum biyu bisa tudu, ɗaya zaune ɗaya tsaye, na ji kunya kamar in shige ƙasa. Na gyara ta yau da safe, aikin da bai kai shan fura ba.

Ki gaya mini gaskiya, ya ga wani abu? Me ya ce?

Yero

Ruga, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Yero,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Malam ke rubutawa, ni ke faɗa, don haka kada ka ga kyan rubutu ka ce na yi ilimi.

Ba dabarar da na yi. Tun la'asar Baffa ya sa babbar rigarsa, ya ce in kai shi tudu ya sha iska. Muka zauna har rana ta faɗi. Muna jin sarewar nan taka daga nesa sai ya gyara zama. Da kuka zo daidai mu ya ɗaga hannu ya nuna, ya ce ga su can, biyu reras, faɗinsu faɗin ƙahonnin Dane, ko ɗan yatsa ba a rage ba. Ya ce wanda ya auna wannan bai manta shanu ba.

Yero, fitila ɗaya na gani. Kuma inda ya nuna ba nan kuke ba.

Da muka koma na kawo aci-balbal dab da fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Idon ya rufe, ban san tun yaushe ba. Sai a lokacin na tuna, duk ranar da Malam ya zo karanta takardarka, Baffa kan jawo tabarmarsa bayan zana wai yana tufkar igiya. Ba kalmar da ta wuce shi.

Ya ce in gaya maka ya gani, to na gaya maka. Ya kuma ce in tambaye ka, da sunanka ya faɗa, wutar nan da ba ta kamawa sai ta koma gida, wace rana za ta komo.

Yayarka,
Kadi