Inna, wa ya fara tari, ke ko Kyauta?

Assalamu alaiki Inna. Ina gaishe ki da kyau, ko da yake na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, ki ce boko ya cika surutu. To, yau ki yi haƙuri da surutun.

Na zo bakans, wato hutun makaranta, daga Dakar. Kowa lafiya a Bande. Gero ya yi kyau bana, Baba ya sake rufin rumbu, Zuwaira autarki kuwa ta yi tsawo har ta fara yi mini gardama. Ita ke tatsar Kyauta yanzu, saniyar da kakanmu ya ba ki, wadda kika rabu da zannuwanki kika saya mata dusa a shekarun fari har ta rayu.

Kin sha tambayata me ake koya wa mutum shekara da shekaru a kan saniya, alhali ke babu lakwal, babu aji, kika iya. Wallahi abubuwan suna da ban mamaki. Kin san tumbin da kike wankewa ran Sallah cike yake da ƙananan halittu masu rai, kuma su ne ke narkar mata da ciyawa? Na gan su da idona a cikin wani madubi mai ƙara girman abu, suna ta kai da kawowa kamar ranar kasuwa. Na so a ce kina kusa, in ga yadda za ki riƙe baki.

Amma akwai darasin da ya hana ni sakewa. Malaminmu ya ce saniya ma tana yin tarin fuka, kuma cutar tana bin ɗanyar madara ta shiga jikin mutum. Ya ce wani lokaci kuma mutum ne ke sa wa dabbarsa. Yana magana ina ganinki a tsugune, goshinki jingine da cikin Kyauta, kina kurɓar kumfar farko kafin ki miƙo mini ƙwaryar. Ban taɓa faɗa miki ba, duk abincin Dakar babu abin da ya kai wannan kumfa a bakina.

Tari ne ya raba mu da ke, ga shi ita ma tana yi, shi ya sa nake tambaya. Wa ya fara tari, ke ko ita? Baba ya ce bai lura ba. Zuwaira ta yi ƙanƙanta a lokacin. Ke kaɗai kike jin numfashinta kowace safiya. Kin lura ta rame ne kika ɗauka ragowar wahalar fari ce? Ko kin sani kika yi shiru don kada a raba ku? Na san halinki, kina iyawa.

Na je Magarya wajen lokotoron dabbobi, ya zo da kansa. Muka aske wa Kyauta gashi kaɗan a wuya, ya yi mata allurar gwaji a cikin fata, ya ce idan wurin ya kumbura tana da cutar. Da lokacin dubawa ya yi na sa yatsuna. Inna, ya kumbura, ya yi tauri kamar goro. Na shafa ɗaya gefen ko zan samu irinsa in ce haka wuyanta yake, ban samu ba.

Na hana shan ɗanyar madara a gidan nan, sai an tafasa. Zuwaira ta yi fushi, wai na dawo da iyayi. Amma ita ma tana ɗan tari da safe, kuma wannan ne ke tsinka mini zuciya. Gobe zan kai ta likita a duba ƙirjinta. Baba ya je turken Kyauta ya kwance igiyar ya ba ni.

Za a yanka Kyauta a Magarya a gaban lokotoro. Ni zan ja ta, ba na so baƙon hannu ya kai ta. Na roƙa a bar ni in buɗe huhunta da kaina. Ina so in gani, Inna, kuma ina tsoron abin da zan gani. Idan tsohon ciwo ne, watakila in samu amsar da ba za ki iya ba ni ba.

Ki yafe mini taɓa saniyarki ba da izininki ba. Zuwaira nake so in tsare miki. Allah ya haskaka makwancinki.

Ɗanki mai yawan tambaya,
Isuhu