Sunan Illa a Ƙarshen Kaset

Daga buro, wato ofishin Kumandan Buza, mai jandarmomi da mota mai tuta, zuwa ga Hamidu ɗan Karofane, mai teburin shayi a Abijan. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da maigidanka Alhaji da duk 'yan Adar da sunka kewaye mai karanta takardar ga. Cire hula, gyara zama. Kada kowa shi tashi, ƙararka anka kawo mini.

Mai ƙara taubashinka ne, Illa, wanda ya taɓa sa ma ladan kwaɗo cikin buta. Na san halinshi, ba sai ka gaya mini ba. Amma na bincika, wannan karon da gaskiyarshi.

Ka tuna shekarar da hatsi ya ƙi, kunka zauna bisa dutsen bayan gari kuna kallon kamyon Madawa, babbar motar nan, na kwasar samari. Kai ka ce ba ku tahiya ku biyu ku bar Gwaggo, uwarka, da gona ba namiji. Kai ka tsara komi: ka yi gaba, shi shi riƙe gona, in ka zauna da gindinka ka tsaya mishi wajen Alhaji. Kowa ya sani katin shaida da kuɗin mota bakin Abijan kawai suke kai mutum. Sai wani na cikin gidan Alhaji ya ce “na san shi, na tsaya mishi,” sannan a ba yaro wurin kwana da teburin sana'a. Kun shafa Fatiha. Ka ce, “Illa, tabarmata rabinta taka ce.”

Ya riƙe. Ka san gonar, mai duwatsun nan da ke cinye bakin hauya. Damina biyu shi ke shuka, shi ke noma, shi ke maimai, sai ya kai damman Gwaggo rumbu kahin shi waiwayi tashi. Da rani ya taka har Madawa, anka ɗauke shi hoto, anka yi mishi lamba a dantse, ya samu kati. Har gaisuwar Faransanci, “bonjur patoron”, ya koya, kullum yana gwada ma jakin Gwaggo.

Sai ga kaset ɗinka. Anka aro manyeto, rediyon nan mai cin kaset, anka harhaɗo pil, wato batir, bayan la'asar gari duk ya taru bakin gida. Ka gaida mai gari, ka gaida liman, ka bi unguwa gida gida, har akuyar Gwaggo ka tambaya. Ka ce wuri guda ya samu bana, a turo Sale, ƙanen yarinyar da kake nema. Sannan ka yi dariya har da tari, ka ce, “Illa kuwa shi ci gaba da ba ku dariya. Na gaya ma Alhaji halinshi. Abijan ba wurin wasa ba ce.”

Jama'a sunka kwashe, sun ɗauka wasan taubasai ne. Ni ma na yi, ina nuhin shi ma ya yi, har ya hi kowa ƙyaƙyatawa. Gwaggo kaɗai ta tashi ta shige ɗaki. Yara sunka ce a mai da wurin baya a sake ji. Anka sake, anka sake, har pil ya yi sanyi muryarka ta koma ta bijimi.

Hamidu, ɗaukar Sale ba ita ce ƙarar ba. Neman aure ya sa maza abin da ya hi haka. Amma mi ya kai ka ɓata shi wajen Alhaji? Bakinka ne mabuɗin gidan ga, da shi kuma ka ruhe. Yanzu wane ɗan Adar zai tsaya ma wanda ɗan gwaggonshi ya ƙi? Taubashi kan zagi taubashi ido da ido, a rama, a tashi a ci tuwo. Kai ka yi naka cikin kaset, inda ba a ramawa.

Wasa kam yana da shi. Ran da kunama ta harbe ka a gona, wa ya goyo ka har gida yana rera maka waƙar kai amarya, don 'yan matan bakin rijiya su ɗauka hawayen dariya ne? Ranar ba ka ce wasanshi ya yi yawa ba.

Ga hukunci. Damina ta ƙarato. Gonar Gwaggo za a nome ta bana ma, don Gwaggo. Alkawarinka an sake maka shi, riƙe abinka. In kuma za ka sake aiko kaset, gaida kowa, ka tsallake sunanshi.

Allah shi tsare ka da sharrin bariki, shi sa albarka a teburinka, shi maido ka Gwaggo na da rai. Amin.

To, mai da hularka. Kumandan bai san da zamanka duniya ba, ba shi kuma rubutun ajami da tawadar allo. Ni ne. Da na sa sunana daga sama, da kun fara dariya tun ba a karanta ba.

Illa,
Karofane.