Takardar jirgin Agadas

Filinge, daren Laraba

Yau maigida ya dawo daga Yamai da takardar jirgin saman da mijin ɗiyata Zalika ya yankar mini. Cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, ba za ta zo gida haihuwar fari ba. To, ni zan tafi Agadas.

Ban ba kowa ya karanta mini ba. Na zauna bayan la'asar ina bin layi da yatsa, yadda aka koya mana a ajin manya. Tashi daga Yamai ƙarfe tara, sauka Agadas kafin sha ɗaya. Sau uku na ƙirga, awa biyu ma ba ta cika ba. Daga nan zuwa Yamai a mota ya fi haka, balle Agadas da ake kwana a hanya.

Na kira Zalika a waya na ce, "Anya ba su yi kuskure ba? Abin da zai kai ni can kafin wake ya nuna, wane irin gudu yake yi?"

Ta yi dariya. "Inna, in tsoro kike ji ki zauna, uwar mijina za ta yi mini wankan jego."

Wai uwar mijinta!

Har yanzu gabana faɗuwa yake, ba zan yi ƙarya ba. Amma na surfa gero, na ƙulle kanwa. Ba wadda za ta riga ni ɗora wa ɗiyata ruwan zafi. Asabar zan hau, ko da idona a rufe.