Umma a Kujerar Gaba

Shisha, Makka

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da Yaya Mansur za ka miƙa wa, ka ce ya faɗa maka abin da ke ciki a taƙaice, tunda a ganinka 'yan jami'a ba su iya maganar da ke ƙarewa a layi biyu ba. Yau babu mai taƙaita maka, sai ka yi haƙuri.

Mun fita da motarka. Amma bari in fara da Umma, don ita ce labarin.

Tun ranar da motar asibiti ta ɗauke ka a tsakiyar kullen korona, Umma ba ta sake taka titi ba. Da farko doka ce ta tsare kowa a gida, sannan takaba ta tsare ta. Aka ɗage dokar, takaba ta ƙare, maƙwabta suka koma ɗawafi da kasuwa, ita kuwa ta ci gaba da zama kamar ba a aiko mata da sanarwar ba. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi. Ta dafa, ta share, ta yi salla, ta kwanta. In na ce mu je Harami sai ta ce gwiwa, gwiwar da take hawa da ita har saman bene ta yi shanya. Biki ko suna, turare take aikawa a madadinta. Da abin ya haura shekara biyu, sai na fara tsoron sau ɗaya kawai ya rage a fitar da ita daga gidan nan, kamar yadda aka fitar da kai.

Motar kuma tana nan inda ka bar ta: tsohuwar ƙaramar bas ta alhazai da ka cire wa kujeru, ka sa mata gado da murhun gas da tankin ruwa. Maƙwabta na ce mata karafan, kai kana ce mata gida na biyu, ni kuwa abin kunya nake ce mata, musamman in ka sauke ni da ita a ƙofar jami'a. Ƙura ta lulluɓe ta har yaran unguwa suna koyon rubutu a gilashinta. Sai baladiyya, hukumar gari, ta manna mata takarda, ko a matsar da ita ko a ja ta. Yaya Mansur ya bugo daga Jidda ya ce a kai ta tashlih kawai, wajen masu sayen matattun motoci, a wargaza ta a huta. Na ce a'a, kuma a lokacin ban san dalilina ba.

Abokinka Malam Sule bakanike ya zo daga Aziziyya ya canja mata batir da tayoyi. Ya tambayi wa zai tuƙa, na ce ni. Ya dubi motar kamar zai yi mata ta'aziyya. Ka tuna da aka bar mata su yi tuƙi, ka ce ka yarda in tuƙa duk motar da ke ƙasar nan ban da wannan? To na yi ta kai ta wajen Muzdalifa da yamma, yanzu da ba lokacin Hajji ba ne, babu kowa sai fitilu da tantabaru, har na gane halinta. Giya ta biyu tana da taurin kai. Ban yi mamaki ba.

Ban roƙi Umma ba, don roƙo ya riga ya gaza. Na dai ce ranar Asabar zan hau dutse da motar zuwa Ɗa'ifa ni kaɗai. Ta ajiye cokali, ta ce 'ya mace ita kaɗai a kan dutse, me mutanen Shisha za su ce? Abin da lallashi ya kasa, tsoron bakin mutane ya yi shi cikin kwana guda. Da safe na same ta ta sa abaya, tana riƙe da tukunya.

Ta nufi ƙofar baya kai tsaye, wurinta na kullum, tsakanin gado da murhu, bayan labulen da ka sa ta ɗinka wa tagogi saboda rana da idon mutane. Kujerar gaba ta Yaya Mansur ce tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Na ce mata babu inda zan maƙala waya, sai ta zo ta riƙe mini ina duba hanya. Na san hanyar sarai. Ta zauna a gefen kujerar, tukunya a cinya, kamar baƙuwar da ke jiran a ce ta tashi.

A haka muka bar gari. Da muka fara hawan dutsen Hada, hanya ta soma naɗewa, sai na ga tana karkata jiki kafin kowace kwana ta zo, hannunta yana danne murfin tukunya. Jikinta ya san hanyar. Idonta ne bai taɓa ganinta ba. Can sama, inda dutse ya yanke ta gefenta, ta leƙa ta ga motocin ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce: “Ashe duk shekarun nan a bakin rami nake yanka albasa.”

Baba, ka taɓa sanin haka? Ka taɓa tunanin cewa matar da ka yi ta kaiwa shan iska ba ta san daga inda iskar take zuwa ba? Ba tuhumarka nake yi ba. Ni ma a bayan motar na girma, amma ni na sake hawa dutsen nan da ƙawaye a motoci masu buɗaɗɗun tagogi, na dawo ina ba da labarin hazo, ban taɓa lura cewa tana saurarona kamar ina maganar wata ƙasa ba. Na san ka yi labulen ne don gata. Mutum kan yi wa nasa gata har ya manta ya tambaye shi abin da yake so ya gani.

Muka tsaya a sama. Na tashi zan kunna murhu, ta ce in bari, yau ba ta zo girki ba. Muka sayi gasasshiyar masara da shayi a bakin hanya. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, hazo yana wucewa ta gabanmu. Wani biri ya zo ya fizge mata rabin masara, ta bi shi da zagi da Hausar Sakkwaton da ban ji daga bakinta ba tun rasuwar Kaka. Daga nan ta fara maganarka. Ta ce ba ka taɓa barin ta ɗauki jarkar ruwa ba. Ta ce kana rage gudu in ka ji ta ɗora mai a wuta, kuma kana tsammanin ba ta sani ba. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne ba ta ga fitarka da kyau ba, mutane masu fararen kaya sun tare ƙofa. Wannan ne karo na farko da ta faɗi haka. Na ba ta shayina, nata ya huce.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsiyar da nake yi wa motar nan, a lokacin kulle, da kana kwance kana tari muna jin ka ta bango, ita nake leƙawa ta taga. Ina cewa in aka buɗe gari zan ce ka kai mu ko'ina ne, ba zan yi gunaguni ba ko sau ɗaya. Ban san takamaiman inda kabarinka yake ba, ka san na nan ba a sa musu suna. Amma na san inda hannunka ya cinye fatar sitiyari, kuma a nan nake ɗora nawa.

Kafin mu sauko, Umma ta shiga baya ta kwance labulen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta jefar ba, ta ninke su da kyau ta sa ƙarƙashin katifa. Da dare Yaya Mansur ya bugo yana tambayar maganar tashlih, ta karɓi wayar ta ce masa ya kai tasa motar. Jiya kuma ta tambaye ni ko motar za ta iya kaiwa bakin teku, don ta ce ba ta taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Na san abin da za ka ce game da tsatsa. Juma'a mai zuwa za mu tafi.

Da za ka dawo, Baba, da a baya za mu sa ka. Akwai gado, kuma yanzu ana ganin waje.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda babu rabuwa.

'Yarka mai dogon bayani,
Suwaiba