Hular Sadiku a Aljihu

Zuwa ga Shugaban makarantar da ɗana ke karatu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da malamanka. Ni ne mahaifin Sadiku, ɗan aji bakwai, Musulmi kuma baƙar fata ɗaya tilo a makarantarku. Na yi ta zarya ofishinka, kullum sakatariya ta ce kana taro. To, bari in faɗa a fili kowa ya ji.

Na farko. Da sanina na kawo ɗana makarantar Yahudawa, don abincinku babu naman alade, kuma kuna girmama karatun addini. Da izinina yake zama ajin Malama Rifka, mai koyar da Attaura da tarihinku. Yara maza suna sa ƙaramar hularsu, shi kuwa yana sa wadda kakansa ya aiko masa daga Zariya. Wallahi ban taɓa yin nadama ba. Yakan dawo da labarin Annabi Musa da Annabi Yusufu, mu zauna muna kwatantawa da namu.

Na biyu. Kwanan baya ya shigo gida kai babu hula, yaron da ko shago ba ya zuwa haka! Na tsare shi da tambaya, sai ya zaro ta daga aljihu a cukurkuɗe. Ashe an umarci yara su cire hula kafin su fita ƙofa, saboda wata akori-kura da ke tsayawa a tsallaken titi lokacin tashi. Mazan da ke ciki ba sa ɗaukar kowa, ba sa sauke kowa, kallo kawai suke yi. Haba, Shugaba! Bayan kashe-kashen da masu ƙin baƙar fata da Yahudawa suka yi a garin nan a 'yan shekarun baya, a bakin yaro zan ji wannan?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Abokan Sadiku 'yan unguwar masu kuɗi ta Irving Park motocin iyayensu ke kwashe su a bakin ƙofa. Ni ɗalibi ne, da rana ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke titin Wendover, ba ni da mota. Ɗana shi kaɗai yake takawa zuwa tashar bas, ta gaban motar nan. Jiya ta biyo shi a hankali har kwanar titi. A zangon nan Malama Rifka ta koya musu yadda aka fara da mutanenku a Turai kafin a yi musu kisan kiyashi: da kallo aka fara, manya suna cewa a yi shiru zai wuce. Ku kuka koya masa darasin, kuma ya gane shi sarai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Roƙona shi ne a tara iyaye a gaya mana gaskiya, a sanar da 'yan sanda, a sa babban mutum ya riƙa raka Sadiku har ya hau bas. In ba haka ba zan cire shi, alhali na san zai yi kuka, don yana son ajin nan.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare yaran da ke hannunka. Kun koya wa yara yadda za su ɓuya, Sadiku ma ya bi umarni, ya sa hularsa a aljihu. Fatarsa fa, ranka ya daɗe, a wane aljihu zai sa ta?

Wassalam,
Mahaifin Sadiku.