Dakalin da nake jera abinci a kai

Salamu alaikum 'yan gida. Admin don Allah ki ɓoye sunana, ko wa ya roƙe ki kar ki ba da lambata. Ku taimaka min da shawara don girman Allah, yanzu haka ina tsaye a ƙofar shagona a unguwar Nima nan Accra, shinkafa da wake na kan wuta, mutane sun fara zuwa da kwanoninsu, ni kuma na kasa sa ƙafa ciki.

Layinmu akwai shaguna da suka daɗe a kulle, sai ɓeraye da 'yan shaye-shaye a bakinsu. Bara matasan unguwa suka tashi suka ce kar a bar ƙofa ko ɗaya a rufe, suka bi masu gidaje suna roƙo. Wani ya buɗe aski, wani gyaran waya, wata na sayar da burkina, furar geron nan da madara, da sobolo wato zoɓo, layin ya yi haske har 'yan unguwar Kotobabi na zuwa. Gidan kakanninmu ma yana da ɗaki guda mai kallon titi, tun ina yarinya a kulle nake ganinsa, amma ni a unguwar Madina can gefen Accra na girma, sai da sallah muke zuwa, ban taɓa tambaya ba. Kawuna Issaka, ƙanin babana, shi ya kira ni ya ce ke da kike ta kukan ba ki da wurin girki, ga maɓalli. Na bar aikin da nake yi a Osu, duk abin da na tara na zuba a ciki.

Ranar da muka buɗe ɗakin har rawa na yi. Akwai wani dogon dakali na siminti a tsakiya, ya kai ƙugu, ya ɗan gangara gefe guda, da 'yar hanyar ruwa da ke fita waje kai tsaye zuwa kwata. Na ce wa Kawu kai chale, wanda ya gina wannan ya san harkar abinci. Sai ya yi kamar ana kiransa a waya. Na sa aka manna masa farin tayil, a kansa nake jera komai, shinkafa da wake, yajin shito, garin rogo, taliya, wele wato fatar sa, ƙwai, da rana tuwon zafi da miyar ayoyo. In na tashi sai in watsa ruwa ya gangare da kansa. Har hoto na ɗauka na sa a status ina yabon dakalin.

Kasuwa ta buɗe, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma akwai abin da na lura da shi ban gane ba. Duk masu sayen abincina matasa ne, da baƙin da suka kama haya kwanan nan, da direbobin motocin haya na trotro. Tsoho ko ɗaya na layin bai taɓa sayen abincina ba. In sun zo wucewa sai su rage tafiya su ce Allah ya jiƙan musulmi. Na ɗauka halin tsufa ne kawai, har amin nake cewa ina zuba wa mutum shito.

Tsoho ɗaya ne yake ci, Baba Seidu, Bazabarme ne, ya zo daga Nijar tun babana bai yi aure ba, ya yi dakon albasa a kasuwar Malam Atta har bayansa ya lanƙwashe, ba mata ba ɗa, a lungun gidanmu yake kwana. Kullum da safe nake zuba masa kyauta. Shi kaɗai ke shiga har ciki ya zauna, yana ci yana shafa tayil ɗin da tafin hannu. Wata rana ya ce min 'yata kin gyara min wurina da kyau, Allah ya yi miki albarka. Na yi dariya na ce Baba wurinka ne mana.

Shekaranjiya kakata Mma Hajiya ta dawo daga Kumasi, ta daɗe can tana jinyar ƙafa a wurin gwaggona. Ta sauka daga tasi ta ga layin mutane a ƙofar ɗakin, ta leƙa ta ga tukwane a kan dakali, ta yi salati ta zauna a ƙasa a bakin kwata da farin mayafinta. Da aka kai ta ciki ta aika aka kira ni da Kawu. A nan na ji abin da kowane tsoho a layin ya sani ban da ni.

Ta ce kakan mijinta ya sauko Accra da goro daga Salaga tun Turawa na sabon zama a garin, shi ne mai masaukin fatake a tsohon zango can wajen teku. Baƙo in ya mutu ba dangi, shi yake sa a wanke shi a ɗakin ƙofar gidansa, ya yi masa likkafani. Ya bar wasiyya cewa duk inda zuriyarsa ta gina gida, ɗakin ƙofa na baƙon da ba shi da kowa ne. Da aka dawo Nima aka gina wannan. Dakalin nan da nake yabo a kansa ake kwantar da su, hanyar ruwan nan ta ruwan wanka ce. Ta fara lissafo min sunayen waɗanda ta san an wanke a wurin, na roƙe ta ta bari.

Kawu ya ce an daɗe ba a yi amfani da ɗakin ba, yanzu asibiti da masallaci ke wannan aikin, kuma shi ba zai zauna yana kallon ƙofar gidansu ita kaɗai a kulle kamar bakin mara haƙori ba, matasa na masa gori. Mma Hajiya ta ce masa in abin ba kunya me ya hana ka faɗa wa yarinyar. Ya ce da ya faɗa da ba zan karɓa ba. Suka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙe, ni na roƙe su su rage murya.

Wannan duk da sauƙi. Baba Seidu ba shi da lafiya tun satin da ya wuce, ya daina cin abinci, an kai shi asibiti sun ce a koma da shi gida a kula da shi, kun dai san ma'anar wannan. Kuma ashe tun da daɗewa ya karɓi alkawari a wurin Mma Hajiya cewa a dakalin nan za a wanke shi, inda aka wanke abokansa da suka zo tare. Jiya na kai masa koko, ya riƙe hannuna ya ce kar in damu ba zai ɓata min tayil ba, shi ba shi da nauyi. Murmushi yake yi. Ban san yadda na fito daga lungun ba.

Mma Hajiya ba ta ce in tashi ba. Cewa ta yi ranar da Allah ya yi ikonsa in kwashe tukwanena da safe, maza su yi aikinsu, a wanke wuri, washegari in dawo in ina so. Haka kawai ta faɗa kamar aron tabarma. Na kira malamin da ya koyar da ni karatu ban faɗi ko wace unguwa ba, ya ce wurin ba najasa ba ne in an wanke, abincin halal ne, amma wasiyya ba abin wasa ba ce. To malam ba shi zai sayi abincin ba. Ranar da aka fito da makara ta ƙofar da mutane ke layi da kwano, kafin azahar bidiyon ya kai unguwannin Maamobi da Alajo, ku kun san mu. 'Yan tankas masu duba tsabta ma in suka ji kulle min za su yi. Sunana zai zama mai waken gawa har in tsufa, ko na koma wani gari.

Kawu ya ce in yi shiru, in abin ya faru shi zai sa a ɗauke tsohon da sauri zuwa masallaci kafin Mma Hajiya ta ankara. Wato in haɗa baki a yaudari tsohuwa da mutumin da ya sa min albarka yana kan gargara. In kuma na kwashe kayana yau da kaina, mutane za su tambayi dalili, kuma ba ni da inda zan je, duk shagunan layin sun cika, mu muka cika su.

Tun jiya ko tarin Baba Seidu na ji ta bango sai gabana ya faɗi, in ya yi shiru kuma ya fi muni. Yau ban iya ɗora tukunya a dakalin ba, a ƙasa a bakin ƙofa na ajiye, ga wata mai saye tana tambayata lafiya yau ban jera ba.

'Yan uwa in ku ne, za ku buɗe wa Baba Seidu ƙofar ku rasa shagon, ko za ku bi shawarar Kawu? Kuma ku faɗa min tsakani da Allah, in kun san abin da na sani, za ku sake cin abincina?